Ranar da na riƙe ƙwaƙwalwar mutum a hannuna

Muna shekara ta biyu a karatun likitanci aka fara miƙo mini ƙwaƙwalwar mutum, a ɗakin koyon sassan jiki. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Malam na ta bayani, ni kuwa hankalina ya yi wani wuri. Mai wannan abin ya san sunayen 'ya'yansa, ya ji tsoro, wataƙila ya sha tashi cikin dare yana roƙon Ubangijinsa. Ina duk wannan ya tafi?

Karatun ya girgiza ni da farko. An ba mu labarin Phineas Gage, ma'aikacin layin dogo a Amurka, wanda a 1848 sandar ƙarfe ta shiga ta kuncinsa ta fita ta saman kansa. Ya rayu, amma waɗanda suka san shi sun ce mutum mai natsuwa ya koma mafaɗaci mai ashar. Idan rauni a gaban ƙwaƙwalwa na iya taɓa hali, me ya rage wa ruhi? Na kwana biyu da wannan tambaya a raina.

Aikin Wilder Penfield, likitan tiyata a Kanada, shi ya sa na sassauta. Yakan taɓa ƙwaƙwalwar majinyaci da ɗan lantarki alhali yana farke. Hannu ya motsa, sai majinyacin ya ce ba shi ya motsa ba, likita ne. Wato akwai mai lura, wanda ke bambance abin da ya yi niyya da abin da aka yi masa. Wannan bai tabbatar da ruhi a ɗakin gwaji ba, kuma ba na son a ƙaƙaba wa kimiyya abin da ba ta faɗa ba. Amma ita ma ba ta kore shi ba.

Darasin da ya fi yi mini zafi daga Abu Zaid al-Balkhi ya zo, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya. Ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, da wanda ke sauka haka kawai, mai tushe a jiki, mai buƙatar magani. Na tuna wani aboki da ya shafe watanni ba barci, ba cin abinci, ni kuwa na ce masa raunin imani ne. Har yau abin na damuna.

Yanzu idan majinyaci ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, nakan tambayi barcinsa da cinsa, in kuma saurare shi idan ya kawo zancen addu'a.