Tsawon fok maras shokozoba ga keken doguwar tafiya

Mai haɗa keken da zai ɗauki jakunkuna gaba da baya yakan cire fok (ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba) mai shokozoba ya sa na ƙarfe zalla, don ya fi sauƙin nauyi, ba mai da zai zube, kuma yana karɓar kariya, wato ƙarfen ɗora kaya. Inda ake yawan kuskure shi ne tsawo. Awon da ake nufi daga tsakiyar aksul ne zuwa kafaɗar fok, wurin da zoben boris na ƙasa ke zama.

Kowane firam an zana shi ne da wani tsawon fok a rai. Na tsere a kan kwalta milimita 365 zuwa 375 ne, na doguwar tafiya mai taya 700c (sunan wani girman taya ne) kuwa 390 zuwa 400. Firam ɗin keken duwatsu mai taya inci 26 da aka yi wa shokozoba mai nutsewa milimita 80 yana son 420 zuwa 425, mai 100 kuma wajen 440 zuwa 450.

Kar ka auna tsohon fok yana tsaye ba kowa a kai, don da ka hau zai nutse kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na tafiyarsa. Ɗaura siririyar igiyar roba a jikin sandar da ke shiga ciki, ka hau a hankali, ka sauka, ka ga inda igiyar ta tsaya. Fok mai 470 da ya nutse 25, abin da za ka nema 445 ne.

Duk milimita 20 na bambanci yana sauya kusurwar wuyan firam da kusan digiri 1. In fok ya yi gajere, gaba ya duƙa, kan keke ya riƙa zabura da ɗan taɓawa, nauyinka ya zubo kan tafin hannu, feda kuma ta matso ƙasa har ta goge hanya a kwana. In ya yi tsawo, gaba ya ɗaga, taya ta riƙa faɗawa gefe idan ana tafiya a hankali. Wannan na biyun ya fi damuna ga keken kaya: a hawan tudu, da kilo 10 rataye a gaba, kokawa za ka yi ta yi da kan keken. Ga shi dogon fok yana ƙara wa waldar wuyan firam wahalar da ba a yi ta dominta ba. Bambancin milimita 10 da kyar za ka ji shi, amma ya wuce 20 ka nemi wani fok ɗin.

Duba kuma yadda aksul ya ɗan fito gaba da layin wuya, yawanci milimita 43 zuwa 50, ka tsaya kusa da na asali. Kaurin bututun wuya, wato bututun fok da ke shiga wuyan firam, galibi inci 1 da 1/8 ne, tsofaffin kekuna inci 1. Kunnuwan birkin da ke matse rim na girman taya ɗaya ne kawai, na inci 26 ba zai kama 700c ba. Ka tabbata akwai ramukan ƙusa a tsakiyar ƙafafun fok don kariyar ƙasa, da sarari tsakanin taya da kafaɗa wanda madigad zai shiga ba tare da laka ta toshe shi ba.

Yankan bututun wuya shi ne aikin ƙarshe. Haɗa komai, ka jera zobban tazara sama da ƙasa, ka yi tafiya da kaya tukuna. Sannan ka sa alama, ka yanka milimita 3 ƙasa da bakin abin da murfin saman wuya zai zauna a kai, don murfin ya samu damar matse boris.