Wata 6 a kowane sashe, amma na farko ba naka ba ne

Sabbin injiniyoyin manhaja da aka ɗauka shirin zagaya sassan kamfani, galibi shekara 2 ne, wata 6 kowane sashe. Watan farko kan ƙare wajen saita kwamfuta da jiran izinin shiga rumbun kod, wato inda ake ajiye rubutun manhajar kamfanin.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne tura gyara mai layi 800 lokaci guda a Git, manhajar da ake ajiye canje-canjen kod a ciki. Wa zai duba wannan? Sai ya yi ta kwana, abokan aiki su canza fayilolin, haɗe gyaranka da nasu ya cakuɗe. Daddatsa shi, kada kowanne ya wuce layi 200, da gwajinsa.

Idan saura mako 2 a sauya maka sashe, daina karɓar sabon aiki. Rubuta wa magajinka abin da ya rage da gwajin da ke faɗuwa.