Asabar a gidan wasa: waƙa ta yi daɗi, zoɓo ya yi tsada

Tun ranar Laraba mai shela ya biyo ta unguwarmu ta Zariya, nan cikin Maradi, a kan adaidaita da lasifika, yana cewa wata ƙungiyar samari za ta yi wasan kwaikwayo na waƙe yau da dare. Yara suka saka ni gaba har na ce to. Abin da ban zata ba shi ne Baba. Ana idar da sallar isha'i sai ga shi da babbar riga da sanda, ya ce shi ma da shi za a je.

Mu biyar muka tafi, ni da Baba da yarana biyu da ɗiyar Yaya. Kuɗin shiga dala 100 ne babba (dala ɗaya sefa biyar ce a lissafinmu na Nijar), yaro dala 50, na biya dala 350. A bakin ƙofa wani saurayi ya ga gorar ruwan da na riƙo, ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ba a shiga da abin sha, akwai na sayarwa ciki." Da ladabi ya faɗa, sai na ajiye ta wurinsa.

Filin a buɗe yake ba rufi, benci ne na siminti, kuma simintin bai gama huce ranar da ya sha ba. Wanda ya san Maradi a watan Afrilu ya san me nake nufi.

Labarin na wani saurayi ne da ya yi aure, damina ba ta yi kyau ba, ya bar amarya wurin uwarsa ya bi hanyar Agadas neman kuɗi. Ba wanda bai san irin wannan gidan ba a garin nan. Amma kusan rabin maganar da waƙa suka yi ta. Makaɗa suna gefe guda, mai kalangu da mai gurmi da yaro ɗaya a kan fiyano, ƴan mata shida kuma suna amshi. Inda ya fi kama ni shi ne wurin daka. Aka shigo da turmi na gaske, amarya da uwar mijinta suka tsaya da taɓare biyu suna lugude, kowace tana rera abin da ba za ta iya faɗa wa ɗayar ido da ido ba. Amaryar tana ƙirga watanni, tsohuwar tana ƙirga abin da ya rage a rumbu. Mai kalangu ya yi shiru ya bar taɓarya ta riƙe kiɗan. Da tsohuwar ta kai baitin da take cewa ita ma ba ta barci, sai yarinyar ta tsaya da dakan, ta karɓi taɓaryar daga hannunta. Matar da ke gabana ta ja gyale ta rufe fuska. Ni ma sai da na share ido.

Baba bai iya zama shiru ba. Yana ta taɓa ni da gwiwar hannu yana cewa haka suke yi zamanin samariya. Ya ce lokacin mulkin shugaba Seyni Kunce kowace unguwa da samariyarta da sarkin samarinta, da dare ana haɗuwa ana koyon rawa da waƙa da wasa. Daga 1976, da aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram, sai jihohi suka riƙa gasa, kowace shekara a wani gari. Ya ce shi amshi kawai ya yi, bai taɓa fita gasar ba, amma har yau yana tuna yadda gari ke cika idan za a raka ƴan wasan Maradi. Ya kawo zancen Yazi Dogo da mutanensa na Damagaram, yadda ake taruwa gaban talabijin ɗaya a unguwa don kallonsu. Na sha jin wannan hira a gida, amma yau ne yara suka saurare shi da gaske, don ga abin a gabansu.

Da aka tafi hutun rabin lokaci sai ƙishirwa ta taso wa kowa. Tebur biyu ne kawai a ciki. Ruwan leda da muke saye dala 5 a kowane shago, nan dala 10. Ƙaramar robar zoɓo ta dala 20, nan dala 50. Lemun kwalba dala 100, daidai da kuɗin shigar babban mutum, ko kallonsa ban yi ba. Har aya, wadda a gonakin jiharmu ake noma ta ana loda wa motoci, ƙulli ɗaya dala 20, kuma ƙullin bai cika tafin hannun auta ba. Na sayi zoɓo biyar, ruwa biyar, aya uku. Dala 360. Abin sha ya fi tikiti.

Na ce wa mai zoɓon, "Haba Inna, ai wannan kuɗin ya yi yawa." Ba ta ji haushi ba. Ta buɗe kular ta nuna mini ƙanƙarar da ta kusa zama ruwa, ta ce, "Ɗiyata, jika biyu, dala 400 cur, na biya kafin a bar ni in kafa tebur. Ga ƙanƙara, ga sukari, ga mai kabu-kabun da ya kawo ni zai maida ni. In ban sayar haka ba, da bashi zan koma." Na yarda da ita. Zoɓonta kuwa ya ji citta da kanumfari, ba a tsinka shi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai wani magidanci ne da ya zo da yara huɗu. Ya tsaya gaban teburin, ya tambayi kuɗi, ya lalubi aljihu, sai ya juya ya kaɗa yaransa suka fita waje, inda ƴan talla ke zaune da bokitai bayan katanga. Kafin su sha su dawo su bi layin ƙofa, an wuce waƙar dawowar saurayin, wadda duk filin ya miƙe yana tafi. Mutumin nan ya biya tikiti biyar. Bai kamata ruwan sha ya hana ƴaƴansa ganin abin da ya biya ba.

Bayan an tashi na samu shugaban ƙungiyar yana naɗe wayoyin lasifika, na yi masa barka, na gaya masa wannan. Ya ce kuɗin ƙofa a hayar fili da kayan sauti da man injin wuta yake ƙarewa, abin da masu tebur suka biya shi ake raba wa ƴan wasa su hau kabu-kabu. Yaran da suka sa mu kuka, ke nan, ladansu kuɗin komawa gida ne. Na ce masa ni da za a ƙara dala 20 a tikiti a faɗa mini tun daga ƙofa, ya fi mini, in dai za a bar mutane su shiga da ruwansu. Zoɓo da aya kwaɗayi ne, mai hali ya saya. Ruwa a wannan zafi ba haka yake ba. Ko randa biyu a ajiye a gefe da moɗa, ba abin da zai rage wa mai zoɓo.

Ya ce zai kai maganar gaban ƴan uwansa. Asabar mai zuwa suna da wani wasan, kan rikicin gadon gona, kuma Baba ya riga ya ce in gaya wa Yaya ta shirya, shi zai biya wa jikokinsa duka.