Jakar duwatsun carafke: inda na kai a saƙar kwarashi

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon saƙa. Wata huɗu ke nan da na fara riƙe kwarashi, kuma aikin da ke hannuna yanzu kyautar Sallah ce ga 'yar yayana mai shekara 9.

Yarinyar nan ta gagari kowa a danginmu wajen tsaraba. Bara na sayo mata 'yar tsana mai dogon gashi, ta durƙusa ta yi godiya, ta ɗora a kan durowa, har yau tana nan cikin ledarta. Mahaifiyarta ta kawo mata takalmi mai ƙyalƙyali, sau ɗaya ta sa. Ba raini ba ne. Ita dai abin da bai kwanta mata a rai ba, ba ta iya yi masa murnar ƙarya. In kika tambaye ta me take so, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk abin da kika ba ni, Gwaggo."

Wata Juma'a da la'asar ina zaune a tsakar gidansu, sai ta fito da wani gwangwanin tumatir da ya fara tsatsa, ta zazzage shi a kan siminti. Duwatsun carafke ne, sumul-sumul, kowanne bai wuce ƙaramin goro ba. A cikin yashin da aka sauke don gini a layinsu ta tsinto su ɗaya bayan ɗaya, ta wanke su da sabulu. Akwai wani fari da ba ta yarda kowa ya taɓa, shi take cillawa sama. Da ta zura hannu za ta mayar da su, na ga tabo a yatsarta, ta ce bakin gwangwanin ne ya yanke ta. A nan na yanke shawara: 'yar jaka mai igiyar zugewa, wadda za ta ci duwatsun nan kuma ta shige aljihun jakar Islamiyyarta.

Gwajin farko da ragowar zaren ulu na yi, irin na roba da muke saƙa hular jarirai da shi. Na gama cikin dare biyu, na zuba tsakuwa don gwaji, sai jakar ta miƙe ta yi tsawo kamar safa. Irin wannan zaren yana talewa in ya ji nauyi. Ga shi kuma na yi amfani da doguwar suka, wadda muke kira dabul, sai ramukan suka buɗe har ƙaramar tsakuwa tana leƙowa. Na warware duka.

Na shiga kasuwar Sabon Gari a nan Kano na nemo zaren auduga mai ɗan kauri da kwarashi mai lamba 3.5. Ban ɗauki ruwan hoda ba, domin na lura yarinyar ba ta da ko ɗankwali mai wannan launi da take ɗaurawa da son ranta. Shuɗi mai duhu na zaɓa, irin na baban marinar Ƙofar Mata, da ɗan fari na ado. Ku sani auduga tana da taurin kai a hannun ɗan koyo: ba ta miƙewa, kuma in kika soka kwarashi a karkace sai zaren ya rabu sili-sili. Kwana biyu yatsana manuni yana zafi kafin na gane ni ce nake matse zaren fiye da kima.

Gindin jakar ne ya fi koya min darasi, bari in tsaya a kansa. Da gajeruwar suka, wato singil, ana fara da'ira da suka 6. Kowane zagaye sai a ƙara 6: na biyu 12, na uku 18, sai 24, 30, 36. A zagaye na uku kina yin suka ɗaya, sai biyu a rami ɗaya. A na huɗu suka biyu, sai biyu a rami ɗaya, haka har ƙarshe. Ni kuwa ina saƙa ina hira, lissafi ya kuɓuce min, ƙari ya yi yawa, gefen ya yi ta lanƙwashewa kamar ganyen latas. In kika ga haka, kin ƙara fiye da kima. In kuma ya dunƙule kamar ƙoƙo tun ba ki so ba, ƙarin bai isa ba. Abin da ya cece ni shi ne ɗan guntun farin zare da nake ratayawa a sukar farko ta kowane zagaye, ina matsar da shi sama duk lokacin da na zagayo. Tun daga nan ban sake ɓata ba.

Da na kai 36 na daina ƙari, sai bango ya tashi da kansa. Zagaye 16 na yi, da layin fari biyu a tsakiya. Ramukan igiya kuwa: singil biyu, sarƙa ɗaya, a tsallake rami ɗaya, har a zagayo. Ya ba ni ramuka 12 daidai.

Shekaranjiya su yarinyar suka zo gidanmu, na manta ban ɓoye aikin ba. Ta ɗauka tana juyawa, ba ta ce komai ba, sai can ta tambaya, "Gwaggo, ta waye?" Na kasa yi mata ƙarya. Ta zura hannunta ciki har wuyan hannu, ta dunƙule shi kamar mai auna ko duwatsun za su shiga, sannan ta ce ko zan nuna mata yadda ake yin igiyar.

Muka zauna a tabarma har aka kira magariba. Sarƙa 70 ta yi da hannunta, wasu a matse, wasu a sake. Wannan igiyar zan zura a jakar yadda take. Saura igiya ta biyu, wadda za ta fito ta ɗaya ɓangaren don bakin ya rufe gam in an ja su tare, da ɓoye bakin zare ta ciki da allura. Ta ce in ajiye mata farin zaren, ranar Asabar za ta dawo ta yi ta biyun.