Tambayar da ban yi wa Ummi ba

Tun da muka dawo daga wajen likitan haƙori kafin azahar, inda na kai ƴata Ummi a duba ko za a sa mata ƙarfen gyaran haƙora, na kasa sakewa, alhali babu wani mugun labari da aka ba mu. Ummi ta ci abincinta ta wuce islamiyya kamar kullum, ni aka bari da abu a ƙirji.

Da safe cikin raha muka fita, domin Inna ta rako mu har zaure tana tsokanar kishiyarta cewa idan aka ɗaure mata baki da waya gidan zai huta da surutu. Sai da Ummi ta yi gaba sannan ta sassauta murya ta ce mini a zamaninsu wushirya ado ce, ba ta san yaushe aka fara kai haƙoran da Allah ya halitta wajen maƙeri ba. Na ce, "Inna, ai da wushirya ce da ban damu ba, hawa kan juna suka yi." Ta ce to, Allah ya sa a dace.

Likitan mutum ne marar gaggawa. Ya daɗe yana dubawa da ɗan madubinsa, sannan ya kira ni na leƙa, ya nuna mini fiƙar sama ta hagu wadda ta ɓullo can bisa dasashi saboda ba ta sami gurbi ba. Ya tambaya ko ta yi tsotsar yatsa bayan yaye, na ce a'a. Ya tambaya ko an taɓa cire mata turmi kafin lokacin famfararsa ya yi, sai na tuna da wanda ya ruɓe tana shekara 6, wanda muka sa aka cire don ta sami barci. Ya ce haƙoran farko 20 ne, kuma kowanne yana riƙe wa mai gadonsa wuri, idan aka cire shi da wuri sai na kusa su matso su cinye gurbin. Ya ƙara da cewa ƙungiyar likitocin gyaran jerin haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a fara duba yaro yana shekara 7, ko da ba za a sa masa komai ba a lokacin, don a ga inda muƙamuƙi ya dosa. Ummi yanzu 11 take. Bai ɗora mini laifi ba, amma na yi lissafin da kaina.

Game da ƙarfen kuwa, ya ce ana manna ƙananan maɓallai a jikin haƙoran, a zura siririyar waya ta cikinsu, ita ce ke jan haƙori a hankali, ƙashin da ke riƙe da shi yana narkewa ta gefen da aka matsa yana kuma ginuwa ta bayansa. Saboda haka ba a gaggauta aikin: yakan ɗauki shekara 1 da rabi zuwa 2, wani lokaci fiye, kuma duk bayan mako 4 zuwa 8 sai an koma an gyara wayar, bakin kuma ya yi tsami na ƴan kwanaki. Bayan an cire akwai wani abin riƙo da za ta riƙa sawa, musamman da dare, in ba haka ba haƙoran su nemi komawa gidan jiya. Shi kansa ba ya wannan aikin, sai dai ya tura mu wajen ƙwararre a Yamai ko Kano. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, na riƙa hango kaina da yarinya a motar asuba kowane wata, ga makarantarta, ga Auta da zan bari a gida. Kano ta Matamaye da Daura ta fi kusa, amma ita ma akwai iyaka a tsakani.

Duk wannan na ɗauke shi a matsayin lissafi, kuma lissafi ni da Malam mun saba da shi. Abin da ya tsaya mini shi ne lokacin da likitan ya juya kujerarsa ya ba ni baya, ya dubi Ummi ya ce, "ƴata, ke kina so a sa miki?" Ta kalle ni kafin ta kalle shi, ta ce, "Duk abin da Mama ta ce." Ya yi murmushi ya ce amsar ƴar tarbiyya ce, amma ba Mama ce za ta riƙa goge tsakanin maɓallan nan bayan kowane abinci ba, kuma ba Mama ce za ta haƙura da rake da aya da ƙuli-ƙuli da cingam da gaigayar ƙashi har shekara 2 ba. Da ya zo kan aya na ga fuskarta ta canja. Daga nan ya goga wani ɗan ƙarfe a gindin haƙoranta na ƙasa, ya ɗago da farin datti mai laushi ya nuna mata, ya ce idan aka manna ƙarfe a kan wannan, ranar da aka cire za a tarar da fararen tabo a haƙoran da dasashi a kumbure, gyara ya koma ɓarna. Ya ce mu dawo bayan wata 2 ya ga yadda take goge baki kafin ma a yi zancen ɗaukar hoto da takardar turawa.

Na fi wata 6 ina maganar nan da Malam, da Gwaggo, da matan wajen aiki, har na nuna wa wasu hoton bakinta a waya, amma ban taɓa zaunar da mai bakin na tambaye ta ba. Kan kabu-kabu muna dawowa na tuna hoton ƙaramar salla, lokacin da na ce mata ta rufe bakinta kafin a ɗauka. Ban faɗa da faɗa ba, gyara mata ɗankwali nake yi na faɗa. Da na shiga ɗaki na buɗe hotunan da suka biyo bayan wannan, ban sami ko guda da haƙorinta ya fito ba.

Fiƙar nan tana buƙatar gyara, likitan bai ɓoye ba, domin cunkoson haƙora yana hana buroshi shiga lungu, kuma har yanzu ina ganin za mu yi. Malam da ya dawo bayan magariba ya saurare ni har ƙarshe, ya ce kuɗin hanya sai ya fi na ƙarfen ciwo, a bari a ga kaka.

Inna ba ta tambaye ni yadda muka yi ba. Ta kira Ummi ɗakinta, na jiyo su suna dariya, kuma daga ƙarar da ke fitowa na san aya suke ci. Ranar Juma'a zan yi mata kitso, lokacin da kanta ke kan cinyata ba ta ganin fuskata, a nan zan tambaye ta.