Ni da tsohon gwaggon birin Yankari

Jiya aka cire min matauni ɗaya a Bauchi, bayan kwana uku ban runtsa ba. Kanumfari na cusa, ruwan gishiri na kuskure, duk a banza. Da na koma gida da auduga a baki, Inna ta ce, "Ka gani ko? Alewa da lemon kwalba. Mutanen da can ba su san wannan ciwo ba."

Ban iya musu ba, baki a kumbure. Amma sai na tuna wani tsohon gwaggon biri da na gani a Yankari, kusa da ruwan Wikki. Ya yi hamma a gabana: fiƙa ɗaya a karye, sauran haƙoran sun cinye saboda ƙasa da tsakuwar da yake taunawa tare da saiwoyi.

Ga kuma ƙoƙon kan da aka tono a Kabwe ta ƙasar Zambiya a 1921, na wani mutumin da ya rayu kimanin shekara 300,000 da suka wuce. Haƙoransa na sama kusan goma duk kogo, har ruɓar ta ci ƙashin muƙamuƙi. Ina ya ga alewa? Ƙwayoyin cutar baki ba ruwansu, zaƙin ɗan itace ma suna mayar da shi tsami mai cin haƙori.

Ni dai an yi min allurar kashe zafi, minti ashirin an gama. Shi kuwa bawan Allah haka ya yi ta kwana da abinsa.

Inna, gaskiyarki ɗaya: lemon kwalban na rage.