Ƙurar Janairu ce ke kashe AC a Afrilu

Da zarar Maris ta raba tsakiya, wayar shagonmu ba ta ƙara hutawa, kuma kusan magana ɗaya ake faɗa: "AC ɗina ya daina sanyi, ku zo ku sa masa gas." Shagon na Baba ne, a nan Kano. Da gyaran firji ya fara, tun zamanin AC na taga wanda sai an fasa bango ake cusa shi. Yanzu ni da Yayana muke fita aiki tare da yara masu koyo, ƙanwarmu na riƙe da littafi da kuɗi, shi kuma Baba yana zaune a shago yana sauraron ƙarar kwamfireso, wato injin da ke tura gas cikin bututu, kafin mu ɗauko mita ya riga ya faɗi ciwonsa.

Abin da ya fara cusa mana a ka shi ne gas ɗin AC ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. A rufaffen bututu yake zagayawa, ya kwaso zafin ɗaki ya kai waje, ya dawo ya sake kwasowa. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo, yawanci a bakin noti inda bututun jan ƙarfe ya haɗu da injin waje. Wanda ya ɗura maka gas bai nemo yoyon ya toshe ba, ya dai saya wa kansa dalilin dawowa nan da wata biyu. Mu kumfar sabulu muke shafa wa kowace mahaɗa, mu zuba ido. In ƙofar ƙarama ce, sai ka ɗan jira kafin ka ga kumfar ta kumbura.

Amma mafi yawan gidajen da ke kiranmu a bazara gas ɗinsu na nan cif. Ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na sauka a kan komai, AC kuma a kashe yake saboda sanyi, ba mai waiwayarsa. Ƙurar ta shige tsakanin siraran faifan injin waje ta daskare. Sai Afrilu ta zo, zafi ya haura digiri 40, a kunna shi dare da rana. Injin da aikinsa ya fitar da zafi ya koma kamar mutumin da aka lulluɓe da bargo aka ce ya yi gudu da tsakar rana. Kwamfireso ya yi ta jan wuta yana zafi, ya yanke, ya huce, ya sake tashi. Kafasita, 'yar na'urar da ke taimaka wa kwamfireso tashi, ita ce ke fara sarewa, kuma sa'a ce idan a nan abin ya tsaya, don kuɗinta kaɗan ne. In kwamfireson ya ƙone, sau da yawa gara a yi maganar sabon AC.

Akwai wani Alhaji da ya kira mu cikin azumin 2022, wanda ya faɗo a Afrilu da zafinta. Ya riga ya ware kuɗin gas na AC uku. Yaya ya ɗaura mita ya duba, ya ce, "Ranka ya daɗe, gas ɗinka bai taɓu ba. Wanki suke so." Alhaji ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Yaro, wancan mai gyaran duk shekara sai ya sa musu." Ba mu ce komai a kan wancan ba. Muka kashe wuta, muka zare rariyar injin ciki, sai ga ta ta toshe har ba ka ganin hasken rana ta cikinta. Muka rataya leda a ƙasa, muka fesa ruwa a hankali don kada faifan ya lanƙwashe, ruwa na gangarowa jawur. Fankar ciki, doguwar nan mai kama da gora, kowane haƙorinta ya yi dabbare da datti, da buroshi muka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama da na waje muka kunna, sai Alhaji ya miƙa tafin hannunsa gaban iskar ya daɗe bai sauke ba. Kuɗin wanki kawai muka karɓa. A hanya yaron shagonmu ya yi ta ƙunƙuni wai mun bar kuɗi a ƙasa. Yanzu mu ke kula da gidan, da gidajen 'ya'yansa, da masallacin unguwar.

Saboda haka muka sauya tsarin shekararmu. Ƙanwata tana rubuta kowane gida: AC nawa, wane iri, wane gas, yaushe aka wanke. Ƙarshen Fabrairu, lokacin da hazo ya fara ja da baya, sai ta bi su da saƙon WhatsApp. Rabi ba sa amsawa. Mutum na lulluɓe da bargo, ka ce masa ya kashe kuɗi a kan abin sanyi, gani yake ka raina masa hankali. Su ne dai za su kira a Afrilu suna cewa a zo yau-yau, lokacin da layi ya yi tsawo kuma kayan gyara sun hau a Sabon Gari.

Abin da mai gida zai yi da kansa ba shi da wuya. Rariyar injin ciki a zare ta duk mako biyu, a wanke da ruwa, a shanya a inuwa. Injin waje kada a jingina masa katako ko buhuna, iska yake nema. Sai rimot: sa shi a 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi a AC na gama-gari, hana kwamfireso hutawa kawai yake yi. A bar shi a 24, a haɗa da fanka. Da maganar nan ba ta shiga kunne, amma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, ya koma naira 225 kowane yunit, sai ga mutane da kansu suna tambayar yadda za su rage ci.

Wutar kanta wani babi ce. AC ɗinmu 220 zuwa 240 yake so, amma akwai unguwannin da da yamma mita ke nuna ƙasa da 180. Kwamfireso ya yi gurnani ya kasa tashi, waya ta yi zafi. Sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, ba ado ba ce a irin wannan wuri. Kuma in an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, a ba shi minti uku kafin ya tashi. Sababbi na da wannan jinkirin a jikinsu, firji da yawa ba su da shi.

Damina da nata kalar. Iska ta jiƙe, AC na tatsar ruwa sosai, sai a kira mu wai ruwa na zuba a kan kafet. Bututun fitar ruwa ne ya toshe, wani lokaci da gansakuka, wani lokaci zanzaro ne ya yi gininsa a bakin tun rani. Tsawa kuma na cinye allon lantarkin AC mai inbata (mai rage gudun kwamfireso da kansa), wanda gyaransa ke da tsada, don haka in hadari ya haɗo a kashe shi daga bango. Tsaka ma ta sha jawo mana aiki: ta shiga akwatin injin waje neman ɗumi, ta kwanta a kan allon, ita ta mutu shi ya ƙone.

Inda Baba ba ya sassauci shi ne ranar ɗaura sabon AC. Tun ran gini tun ran zane, in ji shi. Kafin a saki gas cikin sabon bututu, dole a sa injin zuƙo ya janye iska da laimar da ke ciki. Masu sauri na tsallake wannan, su ɗan buɗe gas ya yi fiit su rufe. AC zai yi sanyi ranar, mai gida ya biya yana murna, laimar kuma na ciki tana lalata man kwamfireso a hankali. Haka cakuɗa gas. Tsofaffin AC gas ɗinsu R22 ne, wanda ake janyewa daga kasuwa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. Sababbi R410A ne ko R32, matsinsu ya fi ƙarfi sosai. Ana duba takardar jikin injin, abin da aka rubuta shi ake sa wa. R600a na sababbin firji kuwa yana kamawa da wuta, ba a kusantar da walda sai an tabbatar ya fita tas.

Aiki da 'yan uwa na da daɗi, don ba ka tsoron a sace maka kwastoma ko a karkatar da tulun gas. Wahalarsa dangi. Gwaggo ta aiko a duba mata firiza, Kawu na son a ɗaura masa AC biyu, kowa gani yake shagon gida ne. Ƙanwarmu ce ta kawo ƙarshen abin da dabara: ladan hannu kyauta ne ga dangi, amma kayan da aka sayo sai an biya kafin a taɓa. Baba ya yi shiru ranar, wanda a wurinsa amincewa ce.

Da hunturu kasuwar sanyi ta mutu, hitar ruwa ke ciyar da mu. Ruwan burtsatse na barin farin dutse a jikin ƙarfen da ke dafa ruwan, sai ya daɗe bai yi zafi ba, daga baya ya fashe. Nan haɗarin yake, domin gidaje da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, wadda ke kai wutar da ta kauce cikin ƙasa, mutum na tsaye a jiƙe ya taɓa famfo wuta ta ja shi. Ba ma ɗaura hita a gidan da babu wayar ƙasa, ko nawa za a ba mu, kuma muna cewa a kashe hitar kafin a shiga wanka. A watan Nuwamba muke zagayen duba su. In mun shiga gida muka tarar da kaskon gawayi a ɗakin kwana, duk da ba aikinmu ba ne, sai mun yi magana: garwashi a rufaffen ɗaki na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa balle ya gudu. Haka janareton da ake shigarwa baranda don tsoron ɓarayi. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a bar taga ɗaya a ɗan buɗe.